Fuskar Da Aka Kai Wa Mama

Auta tana zaune gaban madubi, fuska dame-dame da kwaɓin zuma da kurkum, sai ga kiran saurayinta Mai Hoto. Ko gaisuwa bai bari sun gama ba.

"Mama tana hanyar gidanku."

Cokalin da take juya kwaɓin ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa.

"Yau? Ba sati mai zuwa muka yi da kai ba?"

"Wallahi ni ma yanzu take gaya min. Wai ta fito dubiya, ta ce bari ta biya ta ga yarinyar da na hana ta sakat a kanta. Ki yi haƙuri, Auta. Ki ɗan gyara kawai."

Ya kashe, ya bar ta da waya a hannu. Ta ɗan gyara, in ji shi, sai ka ce ɗankwali ne ya karkace.

Ba don yanga Auta ta zaɓi sati mai zuwa ba. Ƙurajen fuskarta ba irin na tashen balaga ba ne da ke fesowa a goshi su wuce da shekaru. Nata sun san lissafin wata. Da al'adarta ta matso sai su taso daga haɓa, su bi muƙamuƙi har gindin kunne, manya-manya masu zurfi, ga zafi, ba su da baki balle su fashe a huta. Idan ta yi wanka su lafa, su bar mata baƙin tabo. Likitar da ta taɓa gani ta ce daga ciki suke tasowa, sinadaran jikin mace ne ke hawa da sauka, sai kula da haƙuri.

Kula kuwa Auta ta yi ta har ta ba uku lada. Ta bar madara, ta bar kayan zaƙi, ita da a da ba ta iya wuce mai alawa. Shayin na'ana'a safe da yamma. Ga alobera ta shuka a tsohon bokiti bakin taga, tana yankar ganyen tana shafa ruwansa mai yauƙi. Rigar filonta kullum tana kan igiyar shanya. Ta hana hannunta zuwa fuska duk yadda wurin ke ƙaiƙayi. An kuma samu sauƙi, ba za ta yi wa Allah butulci ba, sai dai zuma ba ta san ana sauri ba.

Yau kuwa ƙurajen suna kan ganiyarsu.

Ta ɗaga ido ta kalli madubin, ta yi saurin kawar da kai. Madubin na yayarta ne, wadda Umma ta laƙaba wa Dawisu tun tana ƙarama saboda son ado. Har yanzu akwai ɗigon jan farcenta a jikin katakon, Auta ta kasa kankarewa. Wani lokacin idan ta zauna a nan sai ta ji kamar an tsaya a bayanta ana jiran ta tashi.

Dawisu ma irin waɗannan ƙurajen ta yi fama da su, a daidai wurin, a daidai lokacin. Da wani ya fito neman aurenta danginsa suka fara tsegumi, sai ta samo wani mai a wajen wata mata mai haɗe-haɗe. Kafin a ankara fuska ta yi sumul, ta yi haske, kowa na sam barka. Daga baya ƙafafu suka fara kumbura. Aka shiga zaryar asibiti ana wankin ƙoda, likitoci suka ce abin da ke cikin man ne ya bi jini. Mai neman auren ya leƙo dubiya ya ajiye ledar lemo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Dawisu ta rasu babu ƙurji ko ɗaya a fuskarta.

"Auta!" Muryar Umma ta katse ta daga tsakar gida. "Wa kike magana da shi na ji kina salati?"

Da ta gaya mata, Umma ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji.

"Da wannan fuskar? Tashi maza ki wanke, kin yi rawaya kamar wadda ta faɗa tukunyar rini. Ki sa hoda, ki sa da yawa."

Ta wanke, ta sa hodar. Hoda kuwa ba ta rufe tudu, sai ma ta ƙara fito da shi. Tana cikin gogewa aka yi sallama.

Maman Mai Hoto doguwar mace ce mai tabarau, irin matan da ke shiga gidan mutane suna duba kusurwar rufi. Tare take da 'yar ƙanwarta, wadda ake kira Madara saboda hasken fatarta. Auta ta daɗe da jin labarinta. Ita ce Mama ta so ɗanta ya aura, shi kuma ya ce shi fa ƙanwa ya ɗauke ta.

Auta ta shigo da faranti, ta durƙusa ta gaishe su kanta a ƙasa. Mama ta amsa da fara'a, ta karɓi ruwa, sannan ta leƙa bayanta wajen ƙofa.

"Ina surukar tawa? Ko kunya ce ta ɓoye ta?"

Umma ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ai ga ta nan gabanki, Hajiya. Ita ke nan gare ni yanzu."

Mama ta gyara tabarau. Ta kalli Auta tun daga goshi har haɓa, a haɓar kuma idonta ya tsaya. Ta buɗe jaka ta zaro waya, ta latsa, ta miƙa wa Umma.

"To wannan kuma wace ce? Ita aka nuna min."

Umma ta karɓa. Auta ta matso ta leƙa.

Mayafinta ne, shuɗin nan. Labulen shagon Mai Hoto ne a baya, mai zanen furanni. Ta tuna ranar, ta tuna abin da ya faɗa ya sa ta dariya. Amma fuskar da ke murmushi cikin mayafin ba tata ba ce. An share ƙurajen, an share tabon, an ƙara haske. Abin da ya rage kuwa Dawisu ce sak, kamar yadda take a watanninta na ƙarshe kafin ta kwanta jinya.

"Inna lillahi," Umma ta faɗa can ƙasa. Ta ajiye wayar a kan tabarma kamar ta ƙona ta.

Mama ba ta san abin da suka gani ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta maida wayarta jaka ta yi ajiyar zuciya.

"Yaran zamani ke nan. Ni dai ba na ƙin mutum don halittarsa, Allah ya sani. Amma ɗana sana'arsa fuska ce. Amaren gari duk a gabansa suke zama. A ce matarsa ta fito a haka, me mutane za su ce?" Ta juya. "Madara, ina wanda muka karɓo yanzu? Ba ta."

Madara ta ɓata rai, amma ta zaro wata 'yar kwalba mai murfi ruwan zinariya, ko ledar bakinta ba a ɓare ba. Ta miƙo da yatsu biyu.

A nan ne Auta ta ga hannun. Fari tas, amma gaɓoɓin yatsun baƙi ƙirin, ga siraran jijiyoyi kore sun fito a bayansa. Ta san wannan hannun. Ta sha riƙe irinsa a gadon asibiti. Ta kasa miƙa nata, sai Umma ce ta karɓa.

"Haɗin gida ne," in ji Mama tana miƙewa. "Matar ta rantse min babu sinadari, duk itatuwa ne. Dubi Madara, da can ta fi ki ƙuraje. Kafin in turo iyayensa maza, ina so in ga fuskar da ke cikin hoton nan. Idan abin ya gagara, to, ba a rasa na gida ba."

Madara ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Da suka fita, Umma ta daɗe zaune da kwalbar a cinya tana jujjuya ta. Auta ta zube a gabanta.

"Umma, kin ga hannunta?"

"Na ga kwalba ba irin waccan ba ce. Waccan roba ce mara murfin kirki. Kin ji kuma ta ce itatuwa ne."

"Ita ma waccan matar haka ta ce wa Yaya."

"Kar ki ƙara kawo min maganar nan!" Umma ta daka mata tsawa, sai kuma muryarta ta karye. "Auta, ki dube ni. Ƙannen bayanki a layin nan duk sun yi aure, wasu da goyo. Tun yaushe kike shafa zuma? Ni ba zan dawwama ba. In na faɗi yau, wa zan bar ki da shi? Ɗan kaɗan za ki shafa, a ɗaura auren ki watsar."

Ta ɗora mata kwalbar a tafin hannu ta rufe da nata. Auta ta kai ta ɗaki ta ajiye gaban madubi, ta lulluɓe ta da ɗankwali.

Washegari da hantsi ta tafi shagon hoto. Ta same shi shi kaɗai gaban kwamfuta, manyan fitilun nan masu lema a kashe, ɗakin na warin sabuwar takarda. Fuskar wata amarya ce cike da allon, yana bin kumatunta da 'yar kibiyar kwamfutar yana share mata tabo ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga Auta ya miƙe har kujera na faɗuwa.

"Na kira ki ba adadi."

"Me ya sa ka goge ni?"

Idanunsa sun yi ja, da gani shi ma bai runtsa ba.

"Wallahi ban yi don in ɓoye ki ba. Auta, hoto bai taɓa fita daga shagon nan ban gyara shi ba. Na jariri ma sai na taɓa. Hannuna ne ya saba. Na zauna ina kallonki ina jin daɗi, hannun yana aikinsa, ban ma san na yi ba sai da Mama ta ce kai, yarinyar nan akwai fata."

"Sai ka yi shiru."

"Sai na yi shiru," ya amsa, kansa a ƙasa. "Na ga ta yi murna. Rabon da ta yi murna da zancenki har na manta."

Auta ta zauna a kan bencin da amare ke zama. Hawayen da ta riƙe tun jiya suka ɓalle.

"Ka san wa ka kai mata? Yayata ka kai mata. Ba ka taɓa ganinta ba, amma ka zauna da hannunka ka tono ta. Umma ta kalli wayar nan ta ga 'yarta da muka binne. Jiya ko ruwa ba ta sha ba."

Ya durƙusa a gabanta, ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ban sani ba. Na rantse da Allah ban sani ba."

"Ranar da Yaya za ta rasu ta riƙe ni, bakinta duk ya bushe. Ta ce Auta, abin da ba za ki iya ci ba, kar ki kuskura ki sa shi a fuskarki. Na ce na yi alkawari. Shi ya sa kake ganina da zuma da kurkum kamar mai shirin girki. Kana tsokanata kana cewa ƙudan zuma za su biyo ni, ina dariya. Ka ɗauka son raina ne?"

"Na gaya wa Mama ni a haka na gan ki, a haka nake son ki. Mun kai ruwa rana jiya. Ta ce na yaudare ta, na maida ita abin dariya gaban Madara. Ta ce in na aure ki a haka, ba da yawunta ba." Ya share ido da bayan hannu. "Ita ta raine ni ita kaɗai, Auta. Ban taɓa tsallake maganarta ba. Ban san yadda ake yi ba."

"To me kake so in yi?"

Da zai yi magana, bai iya kallonta ba.

"Ba zan ce ki shafa ba. Amma in da na ɗan lokaci ne... Madara ta daɗe tana shafawa, ga ta nan garau."

Auta ta zuba masa ido. Ta so ya yi ihu, ya ce a fasa kwalbar, ya ce zai ɗauke ta ya kai gaban uwarsa a haka. Tana son sa, son da ita kanta take jin haushinsa, kuma ga shi durƙushe yana kuka yana roƙon ta abin da ya ce ba zai roƙa ba.

"Nuna min na asalin," ta ce. "Hotona, kafin ka taɓa. Shi za ka kai wa Mama."

Ya tashi ya koma gaban kwamfutar. Ya buɗe nan, ya buɗe can. Ta ga wuyansa ya fara gumi.

"Na ajiye gyararren a kansa," ya ce a hankali. "Babu shi."

Ta miƙe ta gyara mayafi. Ya biyo ta har bakin ƙofa yana cewa zai zo bayan la'asar su yi magana, zai sake ɗaukar wani, ta tsaya ta saurare shi. Ba ta waiwayo ba.

A hanya duk gilashin shagon da ta wuce sai ta ga haɓarta. Ta ga masu kallonta da waɗanda ba su ma san tana yi ba, duk ta haɗa su ta ji kunyarsu. Ta gaji. Ta gaji da lissafin wata, ta gaji da shayi mara sukari, ta gaji da zama 'yar da ake cewa tana da hankali ai, tana da hankali.

Ta tarar Umma ta kishingiɗa a ɗakinta bayan azahar. Ta wuce nata ɗakin ta turo ƙofa, ta zauna gaban madubi, ta yaye ɗankwalin.

Ledar bakin kwalbar ta yi taurin kai, sai da ta sa haƙori. Ta murɗe murfin.

Ƙamshin ya buge ta. Furen wardi ne mai nauyi, a ƙarƙashinsa kuma wani wari kamar na tsohon ƙarfe da ya jiƙa. An canza kwalba, an canza murfi, amma abin da ke ciki shi ne. Haka filon Dawisu yake ƙamshi, haka mayafanta, haka ɗakin nan ya yi ta yi har bayan an share makoki.

Ta san shi ne. Duk da haka ta sa yatsa ta lakato.

Man yana da sanyi. Ta ɗora a haɓa ta fara murzawa, hawaye na gangarowa suna haɗuwa da shi. "Ki yafe min, Yaya," take faɗa. "Kaɗan ne. Ki yafe min."

Ba ta ji tahowar kowa ba, sai ƙofa ta buɗe.

"Dawisu?"

Umma ce tsaye, ba ɗankwali, idanunta na barci. Fuskarta ta cika da wani farin ciki da Auta ta yi shekaru ba ta gani ba. Ƙamshin ne ya bi ta har cikin barci ya taso ta.

"Dawisu, kin dawo? Tun ɗazu nake jin..."

Maganar ta tsaya. Ta kalli madubin, ta kalli buɗaɗɗiyar kwalbar, ta kalli farin man da ke haɓar autarta. Auta ta ga farin cikin nan yana zagwanyewa daga fuskar mahaifiyarta, ta gwammace da mari aka yi mata.

Umma ta yi wata irin ƙara ta yo kanta. Ta kama haɓar da hannu ɗaya, ta ja bakin zaninta da ɗayan ta shiga gogewa da ƙarfi, ƙurajen na fashewa, Auta na kuka tana cewa Umma da zafi. Ba ta saurara ba. Ta ja ta har bakin famfo ta tara mata kai kamar yarinyar goye, tana wankewa da sabulu tana sakewa.

"Ni na ba ki," take cewa. "Da hannuna na ba ki. Wayyo Allah, da hannuna."

Ta koma ɗakin da gudu ta ɗauko kwalbar, ta kife ta a bakin magudana, ta sakar mata ruwa har sai da ta ga ƙarshen farin ya wuce. Sannan ta zauna daɓas a ƙasa, ta jawo Auta jikinta ta rungume. Suka yi kuka mai isarsu, babu mai ba wani haƙuri.

Suna nan zaune aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida, aka yi hon. Mai Hoto ne.

Auta ta zabura ta taɓa fuskarta. Ta kumbura, tana zafi, wani wurin har da jini. Ta juya za ta shige ɗaki neman hoda, Umma ta riƙe mata hannu.

"Ina za ki?"

"Umma, dubi yadda na koma."

"Na gani." Umma ta miƙe, ta ɗauki wankakkiyar kwalbar ta danƙa mata. Muryarta ta dishe amma ba ta rawa. "Fita a haka. Ki ba shi ya kai wa uwarsa, ya ce na gode. Ki ce masa in zai iya, ya zo da ita gobe ta kalle ki da rana tsaka. In ba zai iya ba, ya sanar da ke yanzu a bakin ƙofar nan."

"In ya ce ba zai iya ba fa?"

Umma ta share mata wani ɗigon jini da babban yatsa.

"Sai ki dawo ciki. Na riga na ba da ɗaya, Auta. Ba ni da wata."